Matakala ta Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba nake buɗe ƙofar gefe,
ni da bokiti da tsumma,
kafin ɗalibai su zo, kafin ni ma in koma ɗalibi.
A Abadin rana ba ta gaggawa,
sai ta gama shawara da teku take leƙowa.

Ginin dutse ne,
launin tokar murhun da ta kwana.
Ba yaɓe, ba makuba, ba azara.
Tagoginsa dogaye masu tsini a ka,
kamar alƙaluman da aka feƙe aka jingina.
Can sama, a bakin indararo,
an sassaƙa wata dabba mai kunnen jemage da bakin kada,
shekara ɗari uku tana aman ruwan sama,
har yau ba ta ji sauƙi ba.

An ce da fari ɗakin ibada ne.
Littattafai suka zo suka kori kujeru,
yaƙi ya zo ya jera gadaje,
wuta ta lashe rufin gabas wani dare,
aka mayar da shi, amma dutsen bai yi kama ba,
kamar facin sabon ƙyalle a tsohuwar riga.
Yanzu kwamfutoci ne ke gurnani a inda aka yi jinya.

Matakala ta goma sha ɗaya ta lotsa a tsakiya
kamar turmin da ya ga jikoki.
Ba guduma ce ta ci ta ba, takalma ne.
Yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.
Nan ruwan sharata ke kwanciya,
sai na matse tsumma sau biyu.

Allon tagulla a zaure ya faɗi sunan mai kuɗin,
attajirin jiragen ruwa.
Ni ke goge shi ranar Laraba har ya yi walƙiya.
Bai faɗi abin da jiragen suka ɗauko ba.
Ban tambaya ba.
Na san inda iska ke kai jirgi.

Wata safiya mai gyaran bango, Misis Reni,
gashinta duk farin ƙura,
ta kira ni da yatsa, ta haska tocila a kaikaice.
Ashe kowane dutse da zanensa:
kibiya, ƙugiya, ƙafar kaza.
Ta ce kowane magini da tasa shaida,
ranar biya a ƙirga a ba shi.
Na bi ƙafar kaza daga ƙasa,
ta hau, ta zaga ginshiƙi, ta kai bene na biyu,
daga nan babu ita.
Ko faɗowa ya yi, ko korarsa aka yi,
ko wani gari ya fi nan biya,
dutse ya san amsa, amma dutse ba ya gulma.

Kakana Bawale magini ne a Soba.
In ya gama soro yakan danna tafinsa
a ɗanyen yaɓe, bayan ƙyaure, inda ba a dubawa.
Damina uku ta isa ta share.
Ya dawo da kwaɓi, ya sake.
Yakan ce, ginin da ya daina neman hannunka
ya manta da kai ke nan.
Na so in faɗa wa Misis Reni,
Turancina ya tsaya a rabin tsani.

Da ta tafi na tsoma hannu a bokiti,
na danna shi gefen ƙafar kaza ta ƙarshe.
Yatsu biyar, baƙi wuluk a kan toka.
Na ce, sannu da aiki, malam.

Kafin ƙararrawar hasumiya ta buga bakwai
ya bushe.
Gobe ma ina da aiki a nan.